Yadda Ake Zaɓen Rigar Filo ta Siliki ko Satin Don Kare Gashi Lokacin Barci

An yi miki kitso ranar Juma'a, kafin Talata ya tashi kamar ya yi wata guda. Kin ɗaura ɗankwali da daddare, da asuba kin tsince shi a ƙasan gado. Kan filo kuwa ga gutsattsarin gashi, ga tabon man da kika shafa jiya. Yawancinmu mun saba ɗora laifin a kan makitsiya ko a kan man gashi, mu canza wannan mu canza wancan, alhali kanmu yana kwana awa shida zuwa takwas yana gogayya da yadin da ba mu taɓa tunanin dubawa ba.

Gashinmu murɗaɗɗe ne, kuma kowace lanƙwasa a jikin silin gashi wuri ne mai rauni. Bayan silin yana lulluɓe da wasu ƙananan ɓawo da suka hau kan juna kamar na kifi. Duk juyin da kika yi a kan yadi mai kaushi, ɓawon nan yana ɗagawa, silin ya sarƙe da ɗan'uwansa, da safe mataji ya ƙarasa aikin. Man da fatar kai ke fitarwa da kanta ma ba ya iya gangarawa har bakin gashi saboda murɗewar, shi ya sa bakin ya fi bushewa ya fi tsagewa. In hunturu ya shigo, abin sai ya ninka.

Abin da za ki saya a nan santsi ne. Ki riƙe wannan, domin a kasuwa za a yi ta jan hankalinki da suna da ƙyalli.

Mataki na farko: ki raba siliki da satin a kanki

Siliki zare ne. Tsutsa ce ke saƙa shi ta naɗe kanta a ciki, a warware shi a yi yadi. Wanda ake yin rigar filo da shi daga tsutsar da ake kiwo da ganyen bishiyar mulberi yake fitowa, kuma Sin ce kan gaba wajen samar da shi, Indiya na bin ta. Shi ne alharinin da kakanninmu suka sani, wanda fatake ke ƙetaro hamada da shi. Muna da namu na gida, wanda masu aikin babbar riga ke kira tsamiya, amma wannan kaushi gare shi, wurinsa aikin aska a gaban riga, ba ƙarƙashin kai ba.

Satin kuwa ba zare ba ne, salon saƙa ne. A saƙar da aka saba, zare ɗaya ya hau ɗaya ya nutse, kamar tabarma. A saƙar satin, zaren tsaye yakan tsallake huɗu ko fiye kafin ya nutse sau ɗaya, sai fuskar yadin ta fito sumul tana sheƙi, bayansa kuma ya dushe. Ana iya yin wannan saƙa da siliki, ana iya yi da auduga, ana iya yi da foliyesta, wato zaren roba. Kusan duk satin ɗin da za ki gani a dila a kasuwanninmu na foliyesta ne. Ita kanta rigar filo ta siliki mai tsada, saƙar satin aka yi mata. Don haka in mai shago ya ce miki "Hajiya, wannan satin siliki ne," bai faɗa miki komai ba tukuna. Tambayar ita ce da wane zare aka saƙa shi.

Shadda ma kan ruɗi wasu saboda ƙyallinta. Shadda mai kyau auduga ce, ƙyallin na gyaran masana'anta ne da na bugu, in ta sha wanki sai ta koma halinta na auduga, ta shanye miki mai tas.

Mataki na biyu: ki zaɓa gwargwadon ɗakinki, aljihunki, da mai kwana a gefenki

Ta fuskar santsi, satin na roba mai kyau ba ya jin kunya a gaban siliki. Gashi yana zamewa a kansu duka. Bambancin yana wurin zafi. Foliyesta kusan ba ya shan danshi, abin da yake riƙewa bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, siliki kuwa yakan riƙe kusan kashi 11 ba tare da kin ji shi a jiƙe ba. Ma'ana, a watan Afrilu, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, mai kwana a kan satin na roba za ta farka wuyanta sharkaf. Gumi in ya zauna a fatar kai yana kawo ƙaiƙayi, ya tayar da amosani ga mai shi, ya kuma sa kitso wari da wuri. Lokacin hunturu kuma roba tana yin ɗan tartsatsin nan da ke sa gashi miƙewa yana mannewa a yadi. Siliki ya fi sauƙi a duka biyun.

Sai dai siliki na gaske ya ninka satin tsada sau da yawa, kuma ba ya jure wankin ganganci. Ra'ayina a fili yake: macen da ba ta taɓa gwadawa ba, ta fara da satin biyu da tela zai ɗinka mata. In ta ga amfanin, kuma gumi na damunta, sai ta tara kuɗi ta sayi siliki ɗaya don bazara. Wadda fuskarta ke yawan ƙuraje ko take da saurin gumi tun asali, in da hali ta wuce kai tsaye zuwa siliki. Akwai kuma tsaka-tsaki, auduga da aka yi wa saƙar satin. Ta fi zanin gado na yau da kullum laushi, tana da sanyi, amma tana shan mai kamar kowace auduga.

Wani abu da masu tallar waje ba za su faɗa miki ba shi ne hukuncin addini. Alharini halal ne ga mata, haram ne ga maza su sa shi, kuma hadisin Huzaifa da ke cikin Bukhari ya haɗa da hana zama a kansa. A kan haka mafi yawan malamai suka hana namiji yin shimfiɗa da shi, ko da yake akwai saɓani a batun matashin kai. In maigida yakan ja filonki cikin dare, ko ku ware kowa da nasa, ko ki tambayi malamin da kuke bi. Satin na roba bai shiga wannan magana ba, tunda ba alharini ba ne. Maza masu tara gashi ko gemu mai yawan karyewa, nasu ke nan.

Jariri kuwa ba a sa masa filo kwata-kwata kafin ya cika shekara, balle mai santsi. In gashin ƙeyarsa ya goge, haƙuri za ki yi, zai fito.

Mataki na uku: ki auna filon

Kada ki tafi kasuwa da ƙiyasi. Ki ɗauki tef ki auna tsawo da faɗi daga ɗinki zuwa ɗinki. Na kanti yawanci inci 20 ne a faɗi, tsawon kuma 26, ko 30, ko 36. Namu na gida da ake cusa wa auduga ko rimi ba su da ƙa'ida, wani ma ya fi tudu sosai, don haka ki zagaya tef ɗin ta cikinsa ki raba biyu, nan za ki sami faɗin gaskiya. Rigar da ta yi wa filo yawa takan tattare, ita kuma tattarar tana cin gashi tana bar miki zane a kumatu.

Mataki na huɗu: a gaban mai yadi

Ko Kantin Kwari kika shiga a Kano, ko babbar kasuwar Yamai, ko shagon yadi na unguwarku, gwajin ɗaya ne, kuma hannunki da kumatunki sun fi bakin mai shago gaskiya.

Ki fara shafa yadin da bayan hannu, sama da ƙasa, sannan hagu da dama. Wani satin ɗin sumul yake ta gefe ɗaya, in kin juya hannu sai ki ji yana ja. Ki ɗora shi a kumatu. In kina da ɗan kaushi a yatsa ko farce, ki lura ko yana kama zare, domin yadin da farce ya ja a shago, kitso zai yi masa kaca-kaca cikin mako biyu. Ki ɗaga shi sama ki kalli haske ta cikinsa. Wanda kike hango mutane ta ciki na shafin riga ne, ba zai yi ƙarko ba. Mai kaurin nan da ake yi wa amare riga, wanda ke tsayawa da kansa, shi ma ki bar shi, zafi gare shi kuma yana ƙara a kunne in kin juya. Wanda kike nema shi ne mai laushi da ke zubowa daga hannu kamar ruwa amma yana da ɗan nauyi.

Sai launi. Ki jiƙa farin hankici ki goga a gefen yadin. In ya ɗauko launi, to haka zai yi wa fuskarki da zanin gadonki in gumi da mai suka haɗu. Baƙi, ja da shuɗi mai duhu su suka fi zuba. Fari kuma yana tona tabon mai tun daren farko. Na fi son tsaka-tsaki, ruwan toka, ruwan ƙasa mai haske ko ruwan zuma. Ki guji mai duwatsu, mai aikin zare a tsakiya, da mai zanen da aka manna da roba, duk sun ɓata santsin da kika zo nema.

In an ce miki siliki ne na gaske kuma an sa kuɗin siliki, ki nemi a yanko miki ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa. Kada ki kyasta ashana cikin shago, kasuwar yadi da wuta ba sa ga maciji. Ki je gida, ki ajiye kwanon ruwa a gefe, ki zaro 'yan zare ki kusanta su da wuta. Siliki yana ci a hankali, yana warin gashin da ya ƙone, yakan mutu da kansa in kin janye wutar, kuma abin da ya rage in kin murza sai ya zama gari. Foliyesta yana ƙanƙancewa ya narke, yana warin leda, ya bar dunƙule mai tauri da ba ya murzuwa. In kuwa ya ci bal-bal da warin takarda ya bar toka mai laushi, to auduga ce ko zaren da ake sarrafawa daga itace. Na taɓa sayen wata riga ta intanet da sunan siliki, da kuɗin siliki, na zaro zare daga cikin ɗinkin na gwada, ya narke ya manne a tsinken ashana. Har yau ina amfani da ita, tana kuma kare gashi, abin da ya yi mini ciwo shi ne kuɗin da na biya ya isa a ɗinka mini irinta da yawa.

Ƙyallin ma yana magana. Na siliki a natse yake, yana sauya launi kaɗan in kin karkata yadin. Na roba fari ne fat kamar an shafa masa mai, ta ko'ina iri ɗaya.

Mataki na biyar: in ɗinkakkiya za ki saya, ki karanta takardar jikinta

Ki nemi inda aka rubuta "100% mulberry silk". Kalmomi irin su "silky" da "silk feel" dabarar talla ce, ma'anarsu mai kama da siliki. Sannan ki nemi lambar nauyi, wadda ake rubutawa momme ko mm. Momi ɗaya kusan giram 4.3 ne a kowace murabba'in mita. Rigar filo takan zo a 19, 22 ko 25. Mai 19 ta wadatar amma ta fi saurin sirancewa, mai 22 ita ce daidai ga mai kitso, mai 25 ta fi ƙarko ta fi tsada. Ƙasa da 19 na ɗankwali ne. Za ki kuma ga an rubuta 6A, wato mafi kyawun daraja a zaren, amma wannan kowa na iya bugawa a kwali, don haka kada ki dogara da shi shi kaɗai.

Ki tabbata fuska biyun duka siliki ne. Wasu gaba kawai suke yi da shi, baya auduga, don su rage kuɗi. Ba laifi ba ne in an faɗa miki, amma mai juya filo cikin dare ba ta ci riba ba. Bakin rigar kuma ko ya zama zif ɓoyayye a gefe, ko ninki irin na ambulan. Mai buɗaɗɗen baki ba ta zama, kafin tsakar dare filon ya sulale ya fito.

Mataki na shida: wurin tela

Ga filo mai inci 20 da 26, yadi ɗaya da rabi na satin mai faɗin inci 60 zai ba ki riga biyu, har a sami ragowar da za a yi miki abin ɗaure gashi. Kafin ki kai, ki jiƙa yadin ki shanya a inuwa, ya zubar da abin da zai zubar.

Ki yi wa telan bayani dalla-dalla, don yawancinsu sun saba da atamfa. Ki ce masa, "Malam, fuskar mai sheƙi ce a waje, ninkin baki ya shiga ciki kamar inci shida, kuma kada a sa mini leshi ko tattara a gefe." Ya sa siririyar allura sabuwa, domin tsohuwa tana jan zaren satin ta bar layi. Satin yana zarewa daga bakin yanka, saboda haka ko ya bi bakin da injin ɗaure baki, ko ya yi ɗinki biyu, na farko ta waje, ya juya ya sake bi ta ciki, yadda bakin zai ɓuya gaba ɗaya. In zif kike so, ya zama na roba siriri, kansa ya ɓuya a lungu, kada ƙarfe ya kama miki kitso. Ki tafi da filon ya gwada a gabanki.

Mataki na bakwai: yadda za ki kwanta a kanta

Rigar filo ba ta maye gurbin ɗaurin kai, mataimakiyarsa ce, ita ke tare gashi in ɗankwali ya zame. Ɗankwalin atamfa da kika wuni da shi kuwa bai kamata ya kwana a kanki ba, shi ma auduga ne, kin ga an gudu ba a tsira ba. Ki sami hular barci ko ƙyallen satin, fuskar mai santsi ta kalli gashi. Kada ki ɗaure tamau, kada kullin ya zauna wuri ɗaya kullum, kuma robar hula kada ta hau kan gashin gaban goshi, ta sauka kan fata kaɗan.

In gashin a tsefe yake, ki raba shi gida huɗu ko shida ki yi kalaba sako-sako. Man kaɗanya ko na kwakwa ki shafa shi tun bayan magariba, ɗan kaɗan, ki fi ba bakin gashin, don ya shiga kafin ki kwanta. Satin na roba ba ya shan mai, yana barin sa a sama, to in kin cika shi sai ya dawo kan fuskarki. Kada ki kwanta da jiƙaƙƙen gashi, lokacin ya fi rauni, kuma danshin da ya kwana cikin filo yana sa shi wari.

Zan faɗi wannan da ƙarfi saboda na ga 'yan'uwa da dama sun sa rai inda bai kamata ba. Rigar filo tana rage karyewa da sarƙewa, tana sa kitso ya daɗe. Ba ta tsirar da gashi. In gaban goshinki yana ja da baya saboda ƙananan kitson da ake ja har ido ya ɗage, ko nauyin gashin doki, maganin shi ne ki ce wa makitsiya ta sassauta hannu. In gashi na zuba daga saiwa da yawa, ko wani wuri ya yi fili sumul, wannan na likitan fata ne. Zubar gashin da ke biyo bayan haihuwa kuma takan lafa da kanta cikin watanni.

Mataki na takwas: wanki

Sau ɗaya a mako, ko bayan kwana uku zuwa huɗu in kina yawan shafa mai ko lokacin zafi ne. Dalilin yin biyu ke nan, ɗaya na kan gado ɗaya na kan igiya.

Satin na roba ba shi da fitina. Ki juya cikinsa waje, ki wanke da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan, ki ware shi daga kaya masu zif da ƙugiya. Siliki shi ke son lallashi. Ruwan sanyi, kada ya wuce digiri 30, da ɗan shamfu mara ƙarfi irin na jarirai, tunda siliki da gashi dangin juna ne, abin da ba zai cuci ɗaya ba ba zai cuci ɗayan ba. Omo mai ƙarfi yana cin zaren a hankali, bilic kuwa narkar da shi yake yi. Ki jiƙa na minti uku zuwa biyar, ki motsa a hankali, ki ɗauraye har kumfa ta ƙare. Ba a cuɗa shi, ba a murɗe shi. Ki shimfiɗa shi a kan tawul, ki naɗe ki danna, sannan ki shanya a inuwa. Ranarmu tana kashe launinsa ta sa zaren ya yi rauni.

Tabon mai in ya kama, ki barbaɗa farar hoda ko garin sitaci a wurin, ki bar shi ya kwana, da safe ki kakkaɓe ki wanke. Guga kuma ta baya, wuta ƙasa-ƙasa, da wani ƙyalle a tsakani. Kada ki haɗa ta cikin kayan da ake kai wa mai wanki da guga, dutsen gawayi sau ɗaya zai taɓa satin na roba ya huda shi.

Duk bayan 'yan watanni ki sake gwajin bayan hannu da kika yi a shago. In tsakiyar rigar ta fara kaushi, ko ƙananan ƙulle-ƙullen zare sun fito inda kanki ke sauka, ta gama aikinta ko da launinta bai dushe ba. Ki juya ɗaya fuskar ki ci gaba da ita, in ita ma ta bi sahu, ki yanke gefunan da ba su goge ba a yi miki abin ɗaure gashi, ki koma wurin tela da sabon yadi.